Ashanar Hannun Zuhra

"Na yarda," in ji Hadi. "Amma da sharaɗi ɗaya. Kada Inna ta ji."

Zuhra tana kwance a gadon asibiti a Gaya, leɓɓanta sun yi fari, jaririyar tana gefenta a naɗe cikin zani. Ta juyo da kai a hankali ta dubi mijinta.

"To ni ma ina da nawa sharaɗin, Yaya Hadi."

"Faɗi, zuciyata."

"Duk ranar da maganar nan ta fito, ba ni zan buɗe baki ba. Kai za ka tsaya ka ce da saninka aka yi. A gaban kowa... ko da a gaban Baba ne."

Hadi ya yi dariya, ya gyara mata mayafi.

"Wannan ma sharaɗi ne? Ni da na ba ki jinina, magana ce za ta gagare ni?"

"Jini ai da sauƙi," ta ce. "Kwanciya kawai ka yi aka ɗiba."

Ya miƙa mata hannu kamar yadda ake yi in ciniki ya faɗa, ta sa nata a ciki. Shi a ranar gani yake ya sayi abu da araha.

Hadi ɗan Kademi ne, a-daidaita-sahu yake ja tsakanin Gaya da Ajingi. A cikin keken ya fara ganin Zuhra, 'yar Baba Ari mai hatsi na Toranke, waɗanda kakanninsu suka zo daga Barno tun ba a haifi kowa a cikinmu ba. Ba wanda ya yi mata dole. Ita ta ce shi take so, ta kafe, aka ɗaura tana da shekara sha bakwai.

Tun farkon auren ta so ta ɗan jinkirta haihuwa, don ta ga yadda ƙawayenta suke komawa. Ta taɓa shiga wani kemis ta tambaya a hankali. Mai shagon ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da ƙarfi a gaban mutane, "Yarinya da ke, ko fari ba ki yi ba? Je ki haihu tukuna." Ta fito ko maganin ciwon kan da ta fake da shi ba ta saya ba. Ba ta sake tambayar kowa ba.

To ga shi ta haihu. Naƙuda ta yi tsawo, jini ya ɓalle, sai da aka ɗebi na Hadi aka ƙara mata. Da ta farfaɗo, malamar asibitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta zaunar da su su biyu.

"Jikinta bai gama ƙwari ba, kuma ta zubar da jini da yawa. In ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ban ce za ta mutu ba, rai na Allah ne. Amma ni ba zan so a ce ina bakin aiki ranar ba."

Ta nuna musu wata 'yar siririyar roba kamar tsinken ashana. Shi ya sa ma mata suke ce mata ashana. A ƙarƙashin fatar damtse ake sa ta, ta ba mace hutu har shekara uku, kuma duk ranar da aka so haihuwa a zo a cire.

"Irinku ne kuka fi buƙatarta," in ji malamar, "ku ne kuma ba kwa zuwa. Kunya."

Zuhra ce ta fara cewa tana so. Hadi kuwa Innarsa ce ta faɗo masa a rai. Inna Hanne ta haihu da yawa, shi kaɗai ya tsaya mata, mijinta kuma ya rasu. Duk burinta ta ga tsakar gidan ta cika da jikoki. Shi ne ɗan farinta, kuma sunan mahaifinta aka sa masa, don haka tunda aka haife shi bakinta bai taɓa furta "Hadi" ba. "Babana" take ce masa. Ta yaya zai dubi wannan mata ya ce an sa wa surukarta abin da zai tsayar da haihuwa?

Shi ke nan, aka sa ashana a damtsen hagu, aka liƙa filasta.

Zuhra ta tafi wankan jego gidansu a Toranke. Yayar Baba Ari, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu da ake kira Ya Fanta, ita ta karɓi wankan. Da ta ga filastar ta ɗauka ta nan aka ƙara jini, ba ta tambaya ba. Aka yi suna, jaririya ta ci sunan Inna Hanne, ana ce mata Fiddausi. Komai lafiya lau.

Sai da arba'in ta matso.

Hadi yana tasha a Gaya yana jiran fasinja wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya Hadi..." Muryar Zuhra can ƙasa. "Ya Fanta ta taɓa."

"Ta taɓa me?"

"Ashanar."

Ka san mutanen gabas da gyaran jiki. Ba sa mayar da mace ɗakin mijinta sai sun yi mata dilka, sun murje fatarta har ta yi sheƙi. Ya Fanta tana cikin murzar damtsen nan ta ji abu a ƙarƙashin yatsanta, dogo, siriri, yana motsi in an danna. Ta saki hannun ta yi salati. Ta ce allura ce. Jifa aka yi wa yarinyar. Ta ce ga dalilin zubar jini, ga dalilin ramar nan da ta ƙi tafiya.

Kafin la'asar matan unguwa sun cika gidan, kowacce tana taɓawa. Aka shiga tunanin wa ya riƙe wannan hannun. Sai wata ta tuna ranar suna Inna Hanne ta kama Zuhra daidai nan, ta matse, tana cewa Allah ya ƙaro goma a baya. Wata kuma ta ce ta ji ta a asibiti tana cewa an tsotse mata jinin ɗa.

"Inna?" in ji Hadi a wayar. "Innata suke nufi?"

"Ita."

"Ke me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Ai ba ni zan ce ba."

Wani fasinja yana buga masa ƙarfen keke yana tambaya ko Ajingi za shi.

"Ki kwantar da hankalinki, zuciyata. Gobe ina nan tafe. Magana ɗaya ce."

Washegari ya sa sabuwar riga ya tafi. Tun daga Gaya yake jera maganar a bakinsa, har ya haddace ta. Ya tarar da Baba Ari a ƙofar gida a kan buhu. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi kansa a ƙasa.

"Malam Hadi," in ji Baba Ari, "ni ban zargi kowa ba. Mahaifiyarka mutuniyar kirki na san ta. Amma da hannuna na taɓa abin nan, akwai shi. Na aika wa Kamalu wanzami, ranar Asabar zai zo ya fitar da shi kowa ya gani. Kafin nan, maganar komawa Kademi a ajiye ta."

Ga wuri, ga lokaci. Hadi ya buɗe baki.

Sai ya ga farin gemun dattijon. Mutumin da ko abinci bai taɓa ci a gabansa ba. Yanzu shi zai ce wa, Baba, ni da 'yarka mun zauna mun shirya yadda za mu koma ɗaki ba tare da ciki ya shiga ba? Don in ka tuɓe wa maganar riga, abin da take nufi ke nan. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

"Allah... Allah ya kyauta, Baba," ya ce.

"Amin."

A soro Zuhra ta same shi, Fiddausi a kafaɗarta. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ba ka faɗa ba."

"Zuhra, ba ki ga yadda yake kallona ba..."

"Ni ka san—" ta tsaya, ta haɗiye. "Ni ka san yadda ake kallona? Mata goma sun taɓa hannuna jiya. Har da Lami ta gidan bayanmu. Ta taɓa, ta dube ni, na dube ta. Ta sani, Yaya Hadi. Wallahi ta san ko mene ne. Amma ta ce Allah ya isa, ta fita."

"To ke ki faɗa wa Ya Fanta mana, ku mata ne."

"In na faɗa, me za a ce? Yarinya ta yi gaban kanta, ta munafurci mijinta. Wasu ma su ce da ma can ta san hanya. Kai in ka faɗa, miji ne ya ga dama. Shi ya sa na ce kai."

Hadi ya dubi ƙasa. Sai ga wata dabara ta zo masa, irin dabarar da kan zo wa mutum in yana neman hanyar gudu.

"Ko kuwa... a bar wanzamin ya cire kawai? In ƙura ta lafa sai mu koma asibiti a sa miki wata a hannun dama. Ba wanda zai sani."

Zuhra ta daɗe tana kallonsa.

"Da aska zai tsaga ni. Jinin da ka ba ni ko zama bai gama yi ba. To bar wannan, jikina ne, na saba. Innarka fa? Za a zaro abu daga hannuna a ɗaga sama a ce ga aikin Hanne. Da shi za ta shiga kabari."

"Zan san yadda zan yi..."

"Ka riƙe hannuna a asibiti," ta ce. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Na ɗauka da namiji na yi ciniki."

Ta juya ta shige.

Magana ba ta buƙatar keke kafin ta je Kademi. Matan da suka ci kasuwar Gaya su suka kawo ta. Da farko Hadi ya lura yaran maƙwabta sun daina shigowa karɓar ƙanzo. Sai mai kawo wa Inna niƙa ta aiko wai ba ta da lafiya. Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci ya tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, ga tsintsiya a hannunta, ba shara take ba.

"Babana."

"Na'am, Inna."

"Ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji."

"Kai ka yarda?"

"Haba Inna. Ko a mafarki."

Ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, kamar wannan ne kaɗai abin da take jira.

"To alhamdu lillahi. Gobe ka kai ni Toranke. Zan dafa Alƙur'ani a gabansu. Ban taɓa rantsuwa da shi ba tunda nake, amma saboda ɗakinka zan yi. Yarinyar nan tana sonka, kada a raba ku a kaina."

Nan ma ga wuri, ga lokaci. Su biyu ne, ba suruki, ba taro. Amma da ya dubi fuskarta, sai ya ga in ya faɗa yanzu, tambayar farko da za ta yi ita ce tun yaushe ya sani. Ya ce bari ya je ya duba tayar keke.

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanya. Inna tana baya, ta rungume ƙwarya da man shanu a ciki, ga kaza an ɗaure mata ƙafa a gefenta.

"Inna, wannan fa?"

"Na mai jego ne. Don an zarge ni sai in je hannu biyu?"

Kafin su isa Toranke, sau biyu yana kusa faɗawa rami.

Tsakar gidan Baba Ari ta cika da mata. Da Inna Hanne ta yi sallama, amsar da aka yi ba ta kai rabin bakunan da ke wurin ba. Wata ta janye ɗanta. Inna ta ajiye ƙwarya da kaza a gindin turmi, ba wanda ya ɗauka. Ta nemi buta, ta tsuguna gefe ta fara alwala.

An shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Zuhra tana zaune a kai, an naɗe mata hannun riga har kafaɗa, Ya Fanta ta riƙe gwiwar hannun. Kamalu wanzami ya buɗe zabirarsa, ya fito da ƙaho, ya fito da aska yana wasa ta a tafin hannu. An yi masa alkawarin zakara.

Aka ce mijin ya shigo ya gani da idonsa. Hadi ya shigo ya raɓe jikin katanga.

Kamalu ya danna damtsen da babban yatsa, abin ya motsa. Ya ɗan dakata. Ya ɗago ya dubi Hadi ta wutsiyar ido, ya mayar da kai. Wanzamin da ke yawo gida-gida a wannan zamani, a ce bai taɓa cin karo da ashana ba? Ya sani sarai. Amma ba a kira shi don ya yi bayani ba, kuma zakara zakara ne.

Hadi ya dubi matan. Ga Lami can ta harɗe hannuwa a cikin hijabi, tafin damanta a kan damtsen hagu. Ga wata a bayanta ita ma haka. Ga ta uku. Sai a lokacin ya gane cewa gidan nan cike yake da waɗanda suka san gaskiya, kowacce tana jiran wani ya riga ta, don duk wadda ta ce ta san abin, ta faɗi abin da ke jikinta ke nan. Kuma duk cikinsu shi kaɗai ne ya yi alkawari.

Baba Ari ya fito daga turakarsa da Alƙur'ani a cikin gafaka, yana tafe kamar ba ya so.

"Hajiya Hanne, ni ban nemi wannan ba."

"Ni na nema, Malam Ari. Kawo."

Ta goge hannunta da gefen zani, ta matso. Kamalu ya ɗora bakin aska a kan fata. Zuhra ba ta yi kuka ba, ba ta rufe ido ba. Mijinta kawai take kallo.

"Baba..."

Ba wanda ya ji. Hadi ya sake.

"Baba, a dakata. Ba jifa ba ne."

Baba Ari ya juyo. "Ɗaga murya, Malam Hadi."

Hadi ya zube a kan gwiwoyinsa. Ƙasa yake wa magana, amma a wannan karon har na bakin ƙofa sun ji.

"Abin asibiti ne. Ashana ake ce mata, ta hutun haihuwa. Malamar asibiti ta ce in ta sake ɗaukar ciki yanzu za a iya rasa ta. Da sanina aka sa... ni na riƙe mata hannu ma aka sa. Inna ba ta san komai ba. Ni na ce a ɓoye mata."

Gidan ya yi tsit, sai kazar nan da ke fuffuka a gindin turmi.

Baba Ari ya janyo hularsa ta rufe masa goshi, ya dubi katanga. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. Wanzami ya ɗage askarsa a hankali ya shiga goge ta, alhali ba abin da ta taɓa.

"Ashana?" in ji Ya Fanta. "A jikin ɗan Adam? Yaro, kada ka rufa wa uwarka asiri da tatsuniya."

Sai aka ji wata 'yar murya daga cikin mata.

"Gaskiya ya faɗa, Ya Fanta. Roba ce."

"Ke Lami, ya aka yi kika sani?"

Lami ta rufe fuska da hannu ɗaya, ta miƙo ɗaya hannun.

"Taɓa nan."

Tsohuwa ta taɓa. Ta saki baki. Ta waiga ta dubi sauran matan, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Wata ta ce ta bar tukunya a wuta.

"Kuna nan tsaye," in ji Ya Fanta, "kuka bar ni na ɗora wa baiwar Allah maita?"



Inna Hanne ba ta dubi kowa ba sai ɗanta. Ta tako har inda yake durƙushe.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun asibiti, Inna."

"Jiya da na tambaye ka ko ka ji abin da ake faɗa, ka sani?"

"Na sani."

"Da muna tafe a hanya, ina riƙe da ƙwarya, ka sani?"

Hawaye yana ɗiga a kan ƙasa tsakanin hannuwansa.

"Hadi," ta ce.

A hankali ta faɗa, ba tsawa. Amma duk wanda ke gidan ya san wannan mata ba ta taɓa kama sunan nan ba. Da ta ɗauke shi da mari a gaban surukansa, da ya fi masa sauƙi.

Ta wuce shi ta je wurin Zuhra. Ta tsuguna, ta warware hannun rigar da kanta ta rufe damtsen.

"Rufe jikinki, 'yar nan. An gama kallo."

"Inna, ki yafe min..." Sai yanzu kuka ya ƙwace wa Zuhra.

"Ban ce ina son abin nan ba. Ban san shi ba, kuma ina son jikoki, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni na san abin da ake kira haihuwa a kan haihuwa. Ina goyo ina da ciki, ina binnewa ina da ciki. Ba wanda ya taɓa ce min in huta." Ta share wa yarinyar fuska da bakin mayafinta. "Da kun tambaye ni, da na yi faɗa kwana biyu na haƙura. Ga man shanu can, a sa miki a kunu."

Ya Fanta ta rarrafo ta kama ƙafar Inna tana kuka. Baba Ari da kansa ya russuna ya ba ta haƙuri. Inna ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ta fito Hadi ya riga ta wurin keke ya kakkaɓe mata kujera. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta tsayar da ɗan acaɓa.

Yana nan tsaye Baba Ari ya fito. Bai dube shi ba, buhunansa yake dubawa.

"Malam Hadi, ba ka da aboki ne?"

"Ina da shi, Baba."

"Wanda ya zo min neman aurenta tare da kawunka, yana nan da rai?"

"Yana nan."

"To da ka tura shi ya same ni a kasuwa ya raɗa min, da ni da kai ba mu taɓa haɗa ido a kan maganar nan ba. Da na ce wa mata ciwon asibiti ne, a bar shi. Haka ake yi tun kafin a haife ka. Yanzu ka sa na ji da kunnena a gaban yayata." Ya ɗaga buhu ya sauke. "'Yata dai na fi son ta da rai. Ranar Laraba a zo a ɗauke ta."

A soro ya sake samun Zuhra, idanunta sun kumbura. Ya kasa ɗaga kai.

"Ka cika alkawari," ta ce.

"A makare."

"A makare ƙwarai. Har na ji sanyin askar. Amma ka cika."

"Kin ce kin ɗauka da namiji kika yi ciniki..."

"Na faɗa. Ban janye duka ba, rabi na janye." Ta miƙa masa Fiddausi. "Karɓi 'yarka, hannuna ya gaji. Sauran rabin yana wurin Inna, can za ka nemo shi."

Ya rungume jaririyar, ya kifa fuskarsa a zaninta. Zuhra ta bar shi ya yi kukansa, ta tsaya a bakin ƙofa don kada wani ya shigo ya gani.

Ranar Laraba aka mayar da ita Kademi da gara da turaren wuta, fatarta tana sheƙin dilka. Inna ce ta tare ta a ƙofa ta karɓi goyon.

Yanzu in aka zauna lissafin wannan ciniki, Zuhra ce ta fi kowa riba. Ta yi ƙiba, ta koma makarantar Islamiyya, Fiddausi ta sha nononta har ta ƙoshi ba wanda ya ture ta. Ta kuma sami uwa a Kademi, don tun daga ranar ita da Inna ba a jin kansu. Wasu matan Toranke ma sun ci arziƙin abin, saboda Ya Fanta, wadda kunya ta hana ta fita har sati, ita ce daga baya ta sa jikarta mai jegon fari a gaba har asibitin Gaya, tana cewa ita ba za a sake mayar da ita sakarya ba.

Kamalu wanzami ya yi asarar zakara. Lami ta yi asarar sirrinta, ta sha tsiya wurin mata, ta kuma ce gara haka.

Hadi kuwa ya sami matarsa da ranta da lafiyarta, kuma ba ƙaramin samu ba ne. Inna ba ta fasa dafa masa abinci ba, ba ta fasa yi masa addu'a in zai fita ba. Sai dai kullum da safe in ya tura keke zai bar gida, yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa yana gyara abin da bai lalace ba, ko Allah zai sa ta manta ta kira shi yadda ta saba.

"Hadi," takan ce daga cikin ɗaki, "a dawo lafiya."